Gani Ya Kori Ji: Edita Da Fayil Ɗin Da Ya Canja A Bayan Idonsa

Duk matashin da ya zauna zai gina nasa editan rubuta kod, ko a kan CodeMirror ya ɗora shi ko a kan Monaco, ko da Electron ya naɗe shi ko da Tauri, akwai ranar da zai ci karo da wannan tambaya: fayil yana buɗe a gabana, wata manhaja ta canja shi a kan diski, ta yaya editana zai sani? Amsar da za a ba shi ɗaya ce, kowa ya haddace ta. Za a ce masa ya ɗora mai sa ido. Idan da JavaScript yake aiki a ce chokidar, idan Rust ne a ce notify, idan Python ne a ce watchdog. Da zarar sanarwa ta iso, ya sake karanto fayil ɗin ya zuba a allo, shi ke nan magana ta ƙare. In kuwa ya yi gigin cewa editansa zai riƙa zuwa da kansa yana leƙa fayil ɗin lokaci-lokaci, sai a yi masa kallon ɗan ƙauye, a ce ai wannan hanyar mutanen da ce, mai cin batir, mai wahalar da kwamfuta.

Wannan shawara gurguwa ce, kuma abin da take jefawa cikin haɗari shi ne amanar da edita ya ɗauka tun farko, wato rubutun mutum. Tana ɗaukar sanarwa a matsayin gaskiya, alhali waɗanda suka ƙera hanyoyin sanarwar da bakinsu suka ce kada a dogara da su haka. Sannan tana ɗauka aikin shi ne allo ya yi daidai da diski cikin gaggawa, ta manta da mutumin da ya yi awa guda yana rubutu bai adana ba.

Mu fara da abin da manyan manhajojin kwamfuta suka yi alkawari a zahiri. A Linux, hanyar sanarwar ita ce inotify, wadda ta shiga kanel 2.6.13 a shekarar 2005, aikin John McCutchan da Robert Love. Ba ta sa ido a kan folda da duk abin da ke ƙarƙashinta. Kowace ƙaramar folda sai an yi mata nata rajista daban. Wannan kaɗai ya buɗe ƙofa: idan wata manhaja ta ƙirƙiri sabuwar folda ta zuba fayiloli a ciki nan take, kafin editanka ya ji labarin foldar ya yi mata rajista, fayilolin farko sun riga sun shige ba wanda ya gan su. Sanarwowin kuma a layi suke jira, layin yana da iyaka, guda 16,384 idan ba a taɓa saitin ba. Idan ya cika, kanel yana zubar da sauran, ya aiko da alama ɗaya mai suna IN_Q_OVERFLOW, ma'anarta an yi asarar labari, ba a san nawa ba, ba a san na waɗanne fayiloli ba.

A Windows labarin bai sauya ba. ReadDirectoryChangesW yana tara sanarwa a wani ɗan wuri da mai manhaja ya ware masa. Idan wurin ya cika, ba na ƙarshe kaɗai ake zubarwa ba, duk abin da ke ciki ake watsarwa, kuma bayanin Microsoft ya ce a wannan hali ka koma ka bi foldar ɗaya bayan ɗaya ka gano abin da ya canja. FileSystemWatcher na .NET, wanda aka gina a kan ReadDirectoryChangesW, kilobait 8 kacal yake warewa idan ba ka ƙara masa ba. A kwamfutocin Apple kuwa, FSEvents ya zo da Leopard a 2007 yana faɗin sunan folda kawai, sai a Lion a 2011 ya fara ambaton fayil ɗin da aka taɓa. Har yau yana haɗe sanarwowi da dama su zama ɗaya, kuma yana da tasa alamar da ke cewa na rasa wani abu, je ka sake bin foldojin da ke ƙasa.

Ka lura da kyau. Gidaje uku ne da ba su shawarci juna ba, kowanne ya tanadi hanyar da zai ce maka ya yi ɓatan kai, ka je ka duba da idonka. Yaushe ne kuma layin yake cika? Sai lokacin da canji ya yi yawa: ka sauya reshe a Git dubban fayiloli suka juya, ko npm yana zuba kaya, ko na'urar gina manhaja tana fitar da sakamako. Wato daidai lokacin da fayil ɗin da ke gabanka ya fi yiwuwar canjawa, a lokacin ne sanarwa ta fi yiwuwar ɓata. Yawancin ƙananan editocin da aka gina da shawarar da na ambata ba su da ko layi ɗaya na kod da ke kula da wannan alama.

Ko da layin bai cika ba, akwai wata matsala da ke faruwa kullum, a kan fayil ɗaya tak. Editoci da yawa ba sa rubutawa a kan tsohon fayil, saboda tsoron kada wuta ta ɗauke ana tsaka da rubutu a bar mutum da rabin fayil. Sukan rubuta sabo a gefe, sannan su sauya masa suna ya maye gurbin na da. Bari mu kalli Vim yana adanawa a yanayinsa na yau da kullum. Da farko yakan ƙirƙiri wani ɗan fayil mai suna 4913 don ya gwada ko zai iya yin sabon fayil a foldar da mallakar da ta dace, ya goge shi. Sai ya sauya wa ainihin fayil ɗin suna ya zama ajiya, ya rubuta sabo da sunan na asali, daga ƙarshe ya goge ajiyar. Editocin JetBrains suna da irin wannan dabara, shi ya sa wani lokaci za ka hango fayil mai wutsiyar ___jb_tmp___ ya bayyana ya ɓace. Adanawa ɗaya ce a idon mutum, amma mai sa ido yana ganin ƙirƙira da gogewa da sauya suna da wata ƙirƙirar.

Ga inda abin yake ciwo. A Linux, idan ka sa ido a kan fayil, ba sunansa kake bi ba, lambarsa ta cikin diski kake bi, wadda ake kira inode. Sabon fayil yana da sabuwar lamba. Mai sa idonka ya bi tsohon har aka goge shi, ya tsaya nan. Canji na farko zai iso maka, na biyu da na uku kuwa shiru, kuma babu wani kuskure da zai fito a allo ya gaya maka cewa ka kurumce. Bayanin Node.js game da fs.watch ya faɗi wannan ƙarara, haka ma bayanin QFileSystemWatcher na Qt, wanda ya ce ka duba bayan kowace sanarwa ko fayil ɗin yana cikin jerin waɗanda ake bi, in ba ya nan ka mayar da shi. Maganin da aka saba shi ne a sa ido a kan foldar maimakon fayil ɗin. Yana taimakawa, amma sai ka koma fama da tace tarin sanarwowin da ba su shafe ka ba, da tantance ko gogewar da ka gani ta gaske ce ko rabin adanawa ce.

Manhajar da ke rubutawa kai tsaye a kan fayil kuma tata illar daban. Takan fara da kwashe abin da ke ciki fayil ya koma fanko, sannan ta zuba sabon rubutu. Sanarwa tana iya isowa a tsakanin waɗannan matakai biyu. Editan da ya ɗauki shawarar a sake karantowa nan take zai karanto fanko, ko rabi, ya nuna wa mai shi. Linux yana da sanarwar da ke cewa an gama rubutu an rufe fayil. ReadDirectoryChangesW da FSEvents ba su da irinta. To me chokidar yake yi idan ka nemi ya jira a gama rubutu? Yana leƙa girman fayil ɗin duk bayan milisakan 100, har sai girman ya yi daƙiƙa 2 bai motsa ba. Leƙen da aka ce ƙauyanci ne, ga shi nan zaune a cikin cikin kayan aikin da ake cewa ya maye gurbinsa.

Akwai kuma wuraren da sanarwa ba ta zuwa sam. Foldar da ke kan wata kwamfutar ta hanyar NFS, idan daga can aka canja fayil, inotify na wannan ɓangaren bai san an yi ba. Mai aiki a WSL2 wanda fayilolinsa ke ƙarƙashin /mnt/c, idan manhajar Windows ce ta taɓa su, ɓangaren Linux ba ya jin komai. Foldojin da VirtualBox ke rabawa tsakanin kwamfuta da baƙuwar da ke cikinta haka suke. Shi ya sa notify yake da PollWatcher, watchdog yake da PollingObserver, chokidar yake da usePolling. Waɗanda suka rubuta su sun san abin da masu yaɗa sunansu ba sa faɗa.

Sai iyakar rajista. Shekara da shekaru Linux yana ba kowane mai amfani da shi izinin sa ido a wurare 8,192 kawai, sai a kanel 5.11 na 2021 aka mayar da adadin ya riƙa bin girman ƙwaƙwalwar kwamfuta. Foldar node_modules ta aiki matsakaici tana iya lamushe adadin nan ita kaɗai. Shawarar da ke yawo ita ce a ɗaga shi zuwa 524,288, kuma bayanin VS Code da kansa ya yi lissafin cewa kowace rajista tana cin bait 1,080, wato idan aka cinye su duka an doshi megabait 540. Ga ɗalibin da ke fama da tsohuwar laftof mai gigabait 4, wannan ba ƙaramin kaso ba ne. Kuma ba za ka iya bin kowane mai amfani da editanka gida-gida kana gyara masa saitin kanel ba. Abin da ke hannunka shi ne editanka ya ci gaba da faɗin gaskiya ko da rajistar ta gaza.

Yanzu mu dubi abin da editocin da suka daɗe a hannun mutane suke yi, domin su ne suka sha wuyar da ake magana a kai. Emacs ya samu damar karɓar sanarwa a 24.4, shekarar 2014. Duk da haka auto-revert-mode bai daina zagayensa na duk daƙiƙa 5 ba. Sai a 27.1, a 2020, aka kawo zaɓin kashe zagayen, kuma aka bar zaɓin a kashe, sai wanda ya ga dama ya kunna. Vim yana duba lokacin fayil bayan ka gudanar da umarnin waje, kuma yana da :checktime don ka sa shi ya duba da kanka. Editocin JetBrains suna da wata ƙaramar manhaja ta musamman mai suna fsnotifier don sa ido, amma suna sake daidaitawa da diski duk sanda ka dawo kan tagarsu daga wata taga. VS Code ma yana sake duba fayilolin da ke bayyane idan tagarsa ta dawo gaba. Ko Watchman, wanda Facebook ya fitar a 2013 don manyan rumbunan kod, sa ido ce sana'arsa gaba ɗaya, amma bai yarda da kunnensa ba. Kafin ya amsa tambaya yakan ajiye wani ɗan fayil na alama, ya jira har sanarwar wannan fayil ta dawo masa, sannan ya tabbata bai makara ba. In layi ya cika kuwa, sai ya sake bin rumbun tun daga tushe.

Mai shagon da yaronsa ya ce masa wani ya shigo zai tashi ya duba, amma ko yaron bai ce komai ba, ba ya rufe shago sai ya ƙirga kaya. Matsayin sanarwa ke nan a wurin edita. Tana gaggauta dubawa, ba ta maye gurbinta.

Za a ce da ni batir fa? Tambaya ce mai kyau, musamman ga wanda ke aiki yana kallon kason cajin da ya rage saboda ba tabbacin yaushe wuta za ta dawo. Amma a bambance abu biyu. Bin rumbun kod mai fayil dubu hamsin duk daƙiƙa ɓarna ce, kuma a nan ne mai sa ido yake da amfani na gaske: jerin foldoji na gefen allo, bincike, da sanar da na'urar nazarin kod cewa wani abu ya motsa. Ban ce a jefar da shi ba. Fayilolin da mutum ya buɗe kuwa ba su cika wuce goma ko ashirin ba. Tambayar diski girma da lokacin fayil ashirin aiki ne da kwamfuta ke gamawa kafin ƙiftawar ido, kuma ba sai an yi shi kowane lokaci ba. A yi shi idan taga ta dawo gaba, idan aka koma kan wani fayil, idan umarnin da aka gudanar a cikin editan ya ƙare, idan mutum ya fara rubutu bayan dogon shiru, da kuma wani zagaye mai tazara yayin da tagar take gaba. Idan tagar tana baya a dakata. Editan da aka naɗe da Electron ya riga ya ɗauko burauza sukutum a cikinsa, don haka ba wannan ɗan dubawar ce za ta ƙarar da batir ba.

Sai dai shi ma lokacin da ke jikin fayil ba abin rantsuwa ba ne. Filashin da aka tsara da FAT32, irin wanda ɗalibai ke yawo da aikinsu a ciki, yana rubuta lokacin canji ne a tsallaken daƙiƙa biyu-biyu. Tsohon tsarin HFS+ na Apple da ext3 na Linux daƙiƙa ɗaya-ɗaya suke yi. Canji biyu a cikin wannan tazara, in girman fayil bai sauya ba, ba za a bambance su ta lokaci ba. Git ya daɗe da sanin wannan: idan lokacin fayil ya yi daidai da lokacin da aka rubuta kundin lissafinsa ko ya wuce shi, ba ya yarda, sai ya buɗe fayil ɗin ya gwada abin da ke ciki. Akasin haka ma yana faruwa, lokaci ya canja amma rubutu yana nan yadda yake, kamar idan ka tafi wani reshe ka dawo. Editan da ke tsorata mutum da gargaɗi a kan wannan yana koya masa ya riƙa danna eh ba tare da karantawa ba, kuma ranar da gargaɗin zai zama na gaske hannunsa ya riga ya saba. Don haka lokaci da girma su zama matakin farko mai arha, in sun nuna alamar motsi a karanta abin da ke ciki a gwada da wanda aka sani.

Wannan ya kawo ni ga kuskure na biyu, wanda ya fi na farko muni. A ce sanarwa ta iso lafiya, a kan kari, ba ta ɓata ba. Sai me? Shawarar da ake yayatawa ta ce a sake karantowa. Amma edita ba kwafi biyu yake riƙe da su ba, uku ne, ko da mai gina shi bai sani ba: akwai abin da aka karanto daga diski tun farko, akwai abin da ke hannun mai rubutu yanzu, akwai abin da ke kan diski yanzu. Wanda bai ajiye na farkon ba, ko aƙalla hash ɗinsa, ba shi da ma'aunin da zai san wa ya canja me.

Idan mutum bai taɓa komai ba, diski ne kaɗai ya motsa, a sabunta masa allo ba tare da tambaya ba, wannan daidai ne. Amma ko a nan akwai ladabi. Yawancin masu farawa sukan kwashe rubutun gaba ɗaya su zuba sabo, sai mutum ya ga an cilla shi layin farko, abin da ya zaɓa ya warware, sassan da ya naɗe sun buɗe, tarihin komawa baya ya shafe. Abin da ya dace shi ne a lissafa bambancin da ke tsakanin tsoho da sabo, a shigar da shi a matsayin gyara guda ɗaya cikin tarihi, yadda mutum zai iya janye shi da Ctrl da Z idan bai so ba. CodeMirror da Monaco duka suna da hanyar shigar da gyara a wani yanki ba tare da rushe sauran ba. Rashin amfani da ita lalaci ne.

Idan kuwa mutum yana da rubutun da bai adana ba, diski ma ya canja, to edita ba shi da hurumin yanke hukunci shi kaɗai, ta kowane ɓangare. Ka ɗauka wata ɗaliba tana gyara wani aiki a layi na 40, ta rubuta sabbin layuka goma sha biyu ba ta adana ba. A ɗaya tagar ta janyo aikin abokin karatunta daga Git, shi kuma ya gyara wani kuskure a layi na 200 na wannan fayil. Editan da ke sake karantowa ido rufe ya cinye mata layuka goma sha biyu. Editan da ya yi shiru ya bar ta ta adana kuma ya shafe gyaran abokinta, kuma wannan ya fi haɗari, domin ba za ta gani ba. Git zai nuna shi a matsayin canjin da ita ta yi, ta tura, kuskuren da aka kashe ya dawo da rai da sunanta. Alhali gyare-gyaren biyu ba su ma haɗu a wuri ɗaya ba. Dabarar haɗa kwafi uku tana nan tun diff3 na Unix a 1979, ita Git yake amfani da irinta kullum. Editan da ya riƙe kwafin asali zai iya nuna mata ga naki, ga nasa, ba su yi karo ba, in haɗa? In sun yi karo ya jera su gefe da gefe ta zaɓa.

A da ana iya cewa wannan ba ya faruwa sosai. Yau ba haka ba ne. Prettier da Black da gofmt suna sake tsara fayil bayan an adana shi. Manhajojin daidaita foldoji da intanet suna sauko da sabon kwafi ba sallama. Ga kuma mataimakan rubuta kod masu ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ke gyara fayiloli da dama a kan diski yayin da mai kwamfutar yake rubutu a cikin ɗaya daga cikinsu. Hannaye sun yi yawa a kan fayil ɗaya, kuma mafi yawansu sun fi hannun mutum sauri.

Akwai wata dabara da nake gani a kod ɗin masu farawa wadda ya kamata a daina koyar da ita. Edita ya adana fayil, mai sa ido ya kawo masa labarin adanawar da shi da kansa ya yi, sai ya ɗauka wani ne ya canja. Maganin da aka saba shi ne a toshe kunne na rabin daƙiƙa bayan kowace adanawa. To amma wannan rabin daƙiƙar ita ce daidai lokacin da mai tsara kod yake shigowa ya sake rubuta fayil ɗin. Ka toshe kunne a kan canjin da ya fi kowane tabbacin zuwa. A kwamfuta mai nauyi kuma sanarwar taka tana iya makara ta iso bayan wa'adin ya wuce. Agogo ba zai warware wannan ba. In ka adana, ka riƙe hash ɗin abin da ka rubuta. Kowace sanarwa ta zo ka karanta ka gwada, in daidai ne da naka ka yi shiru, in ya bambanta wani ne ya taɓa.

Duk wannan ma share fage ne. Wurin da ba a yafe sakaci shi ne lokacin adanawa, domin a nan ne kaɗai edita yake iya lalata abin da ba nasa ba. Kafin ya rubuta ko bait ɗaya, ya tambayi diski: abin da ke nan shi ne wanda na karanto? Ba ruwan wannan tambaya da ko sanarwa ta zo ko ba ta zo ba. Vim yana tsayar da kai ya ce fayil ya canja tun bayan karanta shi, ka tabbata za ka rubuta? Emacs ma tun kana ƙoƙarin fara gyara yake tare ka. VS Code yana ƙin adanawa ya ba ka zaɓin gwada kwafin biyu, duk da cewa ya bar wani saiti mai suna files.saveConflictResolution da ke ba mutum damar cewa a riƙa dannewa kawai. Masu gina shafukan intanet sun san wannan ka'ida a HTTP, inda ake aika gyara tare da ETag ɗin kwafin da aka gani, uwar garke ta ƙi karɓa idan an riga an canja shi. Editan da yake da wannan shinge kaɗai, ba shi da mai sa ido ko ɗaya, zai iya nuna maka tsohon rubutu na ɗan lokaci, amma da wuya ya ɓatar da aikin wani. Wanda yake da mai sa ido mafi tsada ba shi da shingen, ranar da sanarwa ɗaya ta ɓace zai danne aikin mutane bai ce uffan ba. In kuma editanka yana adanawa da kansa duk bayan 'yan daƙiƙu, to dole wannan adanawar ta bi ta shinge ɗaya, ta tsaya cik idan ta ga saɓani, domin ita ba ta da mutumin da zai ce a'a.

Haka batun gogewa. Fayil ya ɓace daga diski ba dalili ba ne na rufe shi a allo. Wataƙila rabin adanawa ce ta wani editan, wataƙila reshen da aka koma ne ba shi da fayil ɗin, wataƙila filashi ne ya ɗan motsa a raminsa. A irin wannan hali kwafin da ke allo yana iya zama shi kaɗai ya rage a duniya. A ɗan jira a sake dubawa, in da gaske ya tafi a yi wa sunansa alama, a bar rubutun a buɗe har mai shi ya yanke shawara.

Ko bayan an yi duk wannan, akwai 'yar tazara tsakanin lokacin da edita ya duba diski da lokacin da ya rubuta, kuma wata manhaja tana iya kutsowa a cikinta. Kulle fayil ba ya rufe ta, domin a Linux da macOS kullen na ganin dama ne, manhajar da ba ta tambaya ba za ta wuce abinta. Abin da za a iya yi shi ne a matse tazarar, a rubuta sabon a gefe tukuna, a yi dubawar ƙarshe dab da sauya suna, sannan a ajiye kwafin duk abin da za a danne, na allo ne ko na diski, a wata folda ta editan. JetBrains ya daɗe da irin wannan tarihi na cikin gida, VS Code ya kawo nasa a 2022. Fayil ɗin kod kilobait kaɗan ne, ajiye kwafi hamsin na ƙarshe ba zai cika wa kowa diski ba.